Kunkuru a Saman Ƙugiya

A wurin gini aka laƙaba masa Kunkuru, sunan kuma ya bi shi har gida, don ko matarsa in ta so tsokanarsa da shi take kiransa. A lokacin lebura ne, magidanci mai ƙananan yara, gajere kakkaura, mai tafiya kamar yana tausayin ƙasa. Ba ya sauri, ba ya kuma ɓarar da kaya. Abu ɗaya ne ya gagare shi, hawa sama. In aka ce a kai siminti saman bene, sai ya lallaɓa ya nemi wanda za su yi musaya, ya ɗauke masa aikin yashi na yini guda. Ko tsanin kafinta ya taka, sai ya yi maza ya sauko.

A tsakiyar filin ginin akwai ƙugiya, dogon injin nan na ƙarfe mai ɗaga kaya, wadda ta kere duk benayen unguwar, da hannunta guda miƙe a sararin sama. Can ƙololuwarta akwai ɗan ɗakin gilashi da ma'aikata ke kira akurki. Mai zama a cikinsa shi ne Baba Shaho, wani dattijo siriri mai ƙarancin magana. Da sassafe zai rataya gorar ruwansa ya kama tsani, ba a sake ganinsa sai yamma. Kunkuru yakan saki shebur ya ɗaga kai yana kallon yadda damin rodi mai nauyin mota ke tashi a hankali, ya ratsa sama, ya sauka a gaban magina ba ko ƙara, kamar uwa ta kwantar da jariri. Har zuciyarsa bai yarda ɗan Adam irinsa ne ke yin wannan aikin ba.

Wata rana masu ɗaurin kaya suna sauri suka ɗaure katako a karkace, suka ba da hannu a ɗaga. Ba aikin Kunkuru ba ne, amma ya zo wucewa da baro ya ga igiyar ta zame gefe guda. Ya ajiye baron, ya ɗaga hannu biyu sama alamar a dakata, ya tsugunna ya kwance ɗaurin ya sake shi a tsanake, foman yana ta masifa a kansa. Da yamma Baba Shaho ya sauko yana tambayar wane ne mai tsagaggiyar hular kwano. Aka tura masa Kunkuru, wanda ya zo yana shirin ba da haƙuri.

Dattijon ya ce, "Daga sama ba na ganin fuska, tafiyar mutum nake gani. Na daɗe ina kallon taka. Gobe kai za ka riƙa ba ni hannu."

Mai ba da hannu shi ne idon direba a ƙasa. Shi zai nuna a ɗaga, a sauke, a juya, a tsaya. Kunkuru ya ɗauka ya huta da dakon siminti, ashe wahalar ce ta sake kama. Baba Shaho ba ya yabo, ba ya kuma zagi. In Kunkuru ya yi kuskure, ko ya tsaya a inda bai kamata ba, sai kawai ya tsai da kayan a sama, su yi ta reto, aiki ya tsaya cak, magina da kafintoci duk su zuba wa Kunkuru ido har sai ya gano laifinsa da kansa. Sau da yawa yakan koma gida ya ce wa matarsa ya gama, gara yashi. Ita kuma ta ce to, Allah ya kai mu goben. Gari na wayewa shi ke riga kowa isa.

An yi damina an yi rani a haka. Ran nan da safe Baba Shaho ya miƙa masa ɗamarar tsaro ya ce yau zai hau. Kunkuru ya ce, "Baba, ina da iyali fa." Dattijon ya ce shi ma yana da su, kuma kullum yana komawa ya same su. Ya sa shi a gaba, shi kuma ya biyo shi a ƙasa, ya ce kada ya dubi komai sai matakalar da ke gaban hancinsa. Kunkuru ya hau yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da wadda ake yi in za a ci abinci.

Da suka shiga akurkin ya daɗe idonsa a rufe. Abin da ya fara ji shi ne ƙarfen yana motsi a ƙarƙashinsa, yana lanƙwasa kaɗan yana dawowa, kamar abu mai numfashi. Sai kuma shiru. Duk hayaniyar injin kwaɓa kankare da ihun foman sun zama kamar kukan sauro. Da ya buɗe ido sai ya ga gari shimfiɗe har inda ƙasa ta haɗu da sama, rufin kwano na ƙyalli, motoci na bin juna kamar tururuwa, jirgin ƙasa yana jan jiki kamar zare. Can gabas hadari ya haɗo, yana iya ganin ruwan yana zuba a kan wata unguwa kamar labule, alhali inda suke rana ce tarwai. Wasu tattabaru suka gifta ta ƙarƙashinsu. Kunkuru ya bi su da kallo. Da ya koma gida matarsa ta tambaye shi abin da ya gani, ya yi ta laluben kalma, daga ƙarshe ya ce mata yau dai ya ga gadon bayan tsuntsu yana cikin tashi.

Daga nan koyon tuƙi ya fara. Lokacin hutun rana Baba Shaho yakan sa a rataya bokiti cike da ruwa a bakin ƙugiya, ya ce Kunkuru ya zagaya da shi ya ajiye a kan bulo ba tare da ɗigo ya zuba ba. Leburori suka samu abin dariya, suna cewa yau ma Kunkuru zai yi musu ruwan sama. Dattijon yana tsaye a bayansa, wani lokaci ya ɗora yatsu biyu a kan hannunsa, ya nuna masa cewa kaya in suna lilo ba a ja da su, bin su ake yi har su gaji su tsaya. Ya koya masa karanta iska a jikin bishiya da shanyar mutane, da jin nauyin kaya a kujerar da yake zaune. Ranar da bokitin ya sauka ruwan ko girgiza bai yi ba, Kunkuru ya waiwaya yana jiran magana. Baba Shaho ya ce masa ya sake.

Da ya samu lasisi kamfanin ya tura shi wani wurin gini da tasa ƙugiyar. Amma duk ranar hutu yana gidan Baba Shaho, a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano, Inna matar dattijon tana kawo musu shayi. 'Ya'yan Kunkuru Kaka suke ce wa tsohon. Ba maganar aiki kaɗai yake kawowa ba. Makarantar da zai sa yara, rigimarsa da ƙaninsa, har gidan da zai koma haya, sai ya ji ta bakin Baba. Matarsa takan ce ko takalmi zai saya sai an ba shi hannu daga sama.

Abin ya fara sauyawa ne da kamfanin ya kawo sabuwar ƙugiya, wadda ta fi ta da tsawo, mai allon kwamfuta da ke nuna nauyin kaya da ƙarfin iska. Aka tura Kunkuru kwas, aka damƙa masa ita. Ya zo da ɗoki yana ba Baba Shaho labari, tsohon yana juya kofin shayi yana cewa madalla. A kwas ɗin Kunkuru ya gano cewa wasu abubuwan da Baba ya koya masa ba daidai ba ne. Akwai wata dabara ta fizgo kayan da suka maƙale ta hanyar jan su a karkace, wadda dattijon ke alfahari da ita, ashe tana cin igiya, ta kuma taɓa kayar da ƙugiya a wasu wurare. Wata ranar hutu Baba Shaho ya ɗauko labarin dabarar, sai Kunkuru ya ce, a gaban Inna, ai yanzu an hana wannan, haɗari ne. Gaskiya ya faɗa, kuma tsohon ya san gaskiya ce. Ya dube shi ya ce, "To, Malam." Kunkuru ya ci gaba da zuwa, amma hirar ta koma ta zafin gari da ciwon gwiwa.

Bayan wasu shekaru aiki ya sake haɗa su a wani babban ginin asibiti mai ƙugiya biyu, kowa da tasa. Wata safiya Kunkuru yana zaune a akurkinsa ya hango Baba Shaho yana hawa, sai ya ga ya tsaya a tsakiyar tsani. Na ƙasa sun ɗauka hutawa yake yi. Kunkuru kuwa ya san hawan mutumin nan kamar yadda ya san muryarsa, ya kuma san ba a nan yake hutawa ba. Ya sauko, ya ratsa filin a guje, abin da ba wanda ya taɓa ganin ya yi, ya kama ɗaya tsanin.

Ya tarar da tsohon ya rungume ƙarfe, gumi ya jiƙa masa riga, idonsa a rufe. A hankali ya ce duniya ce ke juya masa, ƙafarsa kuma ta ƙi. Kunkuru ya matso kusa. Ya tsaya a ƙarƙashinsa, ya tokare shi da kafaɗa, ya kama ƙafarsa da hannu ya ɗora a matakala ta ƙasa, sannan ɗayar. Haka suka yi ta saukowa, ƙafar da ta fi kowace ƙafa sanin tsanin nan tana rawa a tafin hannunsa. Da suka dira, Kunkuru ya ce wa mutane takalmin Baba ne ya maƙale. Baba Shaho bai dube shi ba. Ya cire hular kwanonsa ya fita ta ƙofar gini.

Likita ya ce hawan jini ne, ya hana shi hawa har abada. Kunkuru ya je dubiya, Inna ta fito tana sunkuyar da kai ta ce ya samu barci, alhali ga tarinsa ana ji daga ɗaki. Ya koma, aka ce ya fita, ga takalmansa a bakin ƙofa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya yi ta tambayar matarsa laifin me ya yi, ko barinsa ya kamata ya yi a saman tsani. Ta ce masa ba shi tsohon ke gudu ba, idon da ya gan shi a wannan halin yake gudu, ya ba shi lokaci. Sai ya daina zuwa, ya riƙa tura yara su gai da Kaka. Shekara ta zagayo ba su haɗa ido ba.

Da ginin asibitin ya kusa ƙarewa aka kawo wani ƙaton janareta da za a saukar a wani ɗan tsakar gida, tsakanin bangon benen da katangar makwabta. Wurin matsattse ne, kuma daga akurki ba a ganinsa sam, bene ya tare. Injiniyar aikin, wata mata mai natsuwa, ta tsara komai, ta auna komai, sannan ta ce wa Kunkuru saura abu ɗaya: zai yi tuƙi ne a makance, sai abin da aka faɗa masa ta oba-oba, wato rediyon hannu na magana, don haka shi zai zaɓi wanda zai zama idonsa. Ya ce ta ba shi zuwa gobe.

Da ya tashi aiki ya wuce gidan Baba Shaho. Inna ta buɗe baki za ta ba da uzuri, ya gaishe ta ya wuce bakin ƙofar ɗakin ya tsaya a bayan labule.

Ya ce, "Baba, ba dubiya na zo ba, aiki ne. Akwai kayan da zan sauke inda ba na gani, kuma ban yarda da idon kowa ba."

Ya kwatanta masa wurin, da faɗinsa, da nauyin janaretan. Har ya juya zai tafi. Sai murya ta fito daga ɗaki tana tambaya ta wane gefe iska ke shiga lungun da hantsi.

Washegari tsohon ya zo da sandarsa da tsohuwar hularsa. Ya rame, amma ya zagaya lungun nan yana duban sama da ƙasa har ya gamsu, ya yi magana da injiniya, ya karɓi oba-oba. Kunkuru yana sama ya ji na'urar ta yi ƙara, sannan muryar da ya yi kewa ta ce, "Direba, ka shirya?" Bai taɓa kiransa da wannan sunan ba. Kunkuru ya amsa cewa ya shirya.

Janaretan ya tashi, ya haye saman benen, ya fara nutsewa a bayansa har ya ɓace. Daga nan ba abin da ke gaban Kunkuru sai igiya da ta shige bayan bango. Muryar Baba ce kawai ke zuwa, ƙasa-ƙasa, ba gaggawa: sauke, sauke, dama kaɗan, riƙe. Abin da ya ba Kunkuru mamaki shi ne tsohon yana faɗin abu tun kafin ya faru. Kafin lilon ya iso hannunsa, an riga an ce masa ya bi shi hagu. Mutumin da ke ƙasa ya san abin da hannun na sama ke ji, don a kujerar ya tsufa. Kunkuru ya ji kamar mutum ɗaya ne aka raba biyu, ido a ƙasa, hannu a sama.

Ana tsakiyar haka allon ya nuna iska na ƙaruwa, ya kuma hango bishiyoyin nesa sun fara sunkuyawa. Baba yana cewa sauke, don a lungun ba a jin komai. Kunkuru ya tsai da kayan ya ce, "Baba, iska na tafe. Mu dakata." Da ɗar-ɗar ya faɗa, don ya tuna ranar da aka ce masa Malam.

Muryar ta ce, "Kai kake gani. In ka ce mu tsaya, mun tsaya."

Suka jira, janareta na rataye tsakanin bango biyu, har iskar ta zo ta kaɗa ƙarfen ta wuce. Sannan suka ƙarasa. Kunkuru bai ji saukarsa ba, sai dai ya ga nauyi ya bar allon. Waɗanda ke lungun suka ce ƙusoshin gindin sun shige ramukansu kamar da hannu aka zura su, injiniya ma sai da ta tsugunna ta leƙa.

Baba Shaho ya ci gaba da ba da hannu a wurin har aka gama ginin, sannan ya ajiye aiki gaba ɗaya. Maganar tsani ba wanda ya taɓa tayar da ita. Kunkuru ya koma zaman benci, amma zaman ya zama wani iri dabam. Yanzu musun ƙwallo suke yi, tsohon yana tsokanarsa da furfurar da ta fito masa a gemu. Wata rana ma shi ya kira Kunkuru gefe yana neman shawara a kan autansa da ya ƙi karatu. Kunkuru ya ba da shawarar, amma a hanyar gida ya ji wani irin maraici. Ya samu aboki, sai dai babu sauran wanda zai tsai da masa kaya a sama har ya gane kuskurensa. Da ya gaya wa matarsa, ta ce ai girma ne ya kama shi, ya yi haƙuri.

Shi ma ya koyar. Wadda ta fi shiga ransa wata mai gyaran lantarki ce da ake kira Walƙiya, mace mai kaifin kai da saurin hannu, kishiyar halinsa ta kowace fuska. Ya sha wuya kafin ya koya mata jira. Da hannunta ya faɗa, wani kamfani ya ɗauke ta, ta zo ta yi masa godiya a tsaye ta tafi, sai gaisuwa ta waya jefi-jefi. Ya kai ƙara wurin Baba Shaho, yana cewa yaran yanzu ba su san zumunci ba. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce to da so yake ta zauna tana kallon gemunsa?

Da idon Baba ya fara hazo, Kunkuru ne ya kai shi asibitin nan da suka gina. Sashen ido yana hawa na ƙarshe. Suka shiga lif, tsohon yana riƙe da hannunsa yana gunaguni cewa wannan hawan ragwaye ne. A ɗakin jira akwai babbar taga, kuma a filin da ke kallonta ana wani sabon gini. Ƙugiyar wurin tana daidai da tagar, kusa har ana ganin mai tuƙin. Kunkuru ya gane jan ɗankwalin da ke leƙowa ta ƙarƙashin hular kwano. Walƙiya ce, ya kuwa gaya wa tsohon.

Baba Shaho ya dogara sandarsa ya matsa jikin gilashi. Wani dogon ginshiƙin ƙarfe ne ke tashi. Ya taso a kwance, ya juya a hankali cikin iska, rana na bin jikinsa, ya ratsa tsakanin wasu ginshiƙai biyu da ƙyar za a ce zai wuce, ya je ya tsaya cak a gaban masu walda. Tsohon ya bi shi da ido har ƙarshe.

Ya ce, "Ashe haka abin yake daga waje. Na ƙare rayuwata a ciki, ban taɓa tsayawa na kalla ba."

Wani ginshiƙin ya taso. Wannan karon ta juya hannun ƙugiyar tana sauke igiya a lokaci guda, kayan suka zo a lanƙwashe kamar tsuntsu zai sauka a reshe, ba lilo ko kaɗan. Baba ya tambaya ko shi ya koya mata wannan juyin. Kunkuru ya ce a'a, shi ma yau ya fara gani.

Tsohon ya ce, "Ni ma ban koya maka ba. Nata ne ke nan."

Nas ta leƙo ta ce layi ya zo kansu. Baba Shaho, ba tare da ya waiwaya ba, ya ce 'yata, a ba na bayanmu, akwai sauran ƙarfe ɗaya a ƙasa. Nas ɗin ta dubi Kunkuru, shi kuma ya ɗaga mata kai alamar ta yi haƙuri, ya jawo wa tsohon kujera zuwa bakin tagar.